Masu Gidan Gilashi a Rijiyar 'Yardada

Goron Dutse, Kano
9 ga Yuli

Zuwa ga Gwaggona Nana Hadiza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sauron bakin tafki? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Umma tana gaishe ki, ta ce bandar kifin da kika aiko har maƙwabta sun ɗanɗana. Baba ya warware daga taifot ɗin, ya koma kasuwa, sai dai rigunansa duk sun yi masa yawa. Kaka ƙalau take in ban da gwiwa.

Za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. To har yanzu ba a yarda in riƙe waya ba sai na gama sakandare, in kuma na ari ta Baba yana zaune a gefe, maganar kuwa a kansa ce. Kin san ni kuma, a baki sai in yi ta inda-inda, a takarda ne harshena yake sakuwa. Ɗantani direba ya ce zai kai miki in ya je ɗauko kifi.

Gwaggo, za a cike rijiya.

Likitan da ya duba Baba ya tambaye shi ruwan da muke sha, da ya ji na rijiya ne sai ya girgiza kai. Tun daga ranar Baba ya ce damina tana ɗaukewa zai sa a kawo ƙasa a cike ta, mu koma sayen ruwa. Kaka ta ce a fara cike kabarinta tukuna. Ta ce da ruwan nan ta yi jegon Baba da naki, kuma kakanmu marigayi Malam ya bar wasiyya kada a hana kowa ɗiba. Har yau su Lami maƙwabciyarmu da matan lungunmu nan suke taruwa da safe, rijiyar 'Yardada dai, yadda suke kiranta da sunan Kaka, ana jan guga ana hira. Baba ya ce, "Inna, ni fa na kwanta a asibiti." Ta ce, "Tsiren tasha da kake ci ba ka gani ba, sai ruwana?"

Ba su sake yin maganar ba, amma gara a ce suna yi. Zai durƙusa ya gaishe ta, ta ce "lafiya" kawai ta ci gaba da jan carbi. Saƙo kuwa ni ce mai kaiwa, alhali tsakaninsu tabarma ɗaya ce.

Ni ma ina son rijiyar. Da azahar rana tana leƙawa har ƙasa, sai ka ga sama da fuskarka a ciki. A gefenta nake karatu. A littafin da Zainab ƙawata ta ara mini ma a bakin rijiya saurayin da budurwar suka haɗu, motarsa ta yi zafi ya zo neman ruwa, ita kuma guga ya suɓuce mata. Ni tunda nake zama babu wanda ya taɓa tsayawa sai akuyar Lami. Amma kuma da na tuna yadda Baba ya rame sai in ji tsoro.

Ke da kullum ruwa kike bincike, ba yadda za a yi a san gaskiya? Ko wace iri ce.

'Yarki,
Ikram

Sabuwar Bussa
18 ga Yuli

Ikram 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sauron ma yana gaishe ki. Ki gaishe mini da Inna da Yaya da Ummanki. Na yi dariyar akuyar Lami har abokan aikina suka leƙo. Ki yi haƙuri, mai motar yana hanya.

Maganar rijiya ta taɓa ni, amma Yaya ba wauta ya faɗa ba. Ga abin da zan iya. Ni ba ƙwayoyin taifot nake dubawa ba, wannan aikin wani ɗakin gwaji ne. Nawa aikin wasu halittu ne 'yan mitsil-mitsil da ake ce wa dayatom, dangin gansakuka. Santsin nan mai ruwan ƙasa da kike ji a jikin dutsen da ya daɗe a ruwa, yawancinsa su ne. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ɗaya tana zaune a cikin gida na gilashi da ta gina wa kanta daga sinadarin da ke cikin yashi, gidan kuma ɓari biyu ne, kwano da murfinsa. In za ta haihu sai kwanon da murfin su rabu, kowanne ya ƙera wa kansa sabon abokin rufi.

Da wannan gida muke gane su. Da farko mukan raba su biyu: masu da'ira kamar faifai, da masu tsawo kamar kwalekwale. A cikin masu tsawon akwai masu tsaga a jiki, da ita suke ja da ciki, akwai marasa tsaga. Daga nan sai mu duba zanen jikinsu, layi nawa ne, ya suka jeru, kamar yadda mai sayar da hula yake kallon ɗinki ya faɗa miki sunanta. Na sa miki hotunan da Malam Gali na ofishinmu ya zana, hannunsa ya fi nawa kyau.

Amfaninsu shi ne kowane iri yana da ruwan da yake so. Wasu ba sa zama sai a ruwa mai tsabta, wasu kuwa ruwan kwata ne gidan bikinsu. Ruwan da kika ɗiba yau labarin yau kawai zai ba ki, su kuwa sun kwana sun tashi a wurin, labarin makonni za su bayar. In na ƙirga su na ga wane iri ne ya fi yawa, zan iya cewa ko ƙazanta tana shiga rijiyar ko ba ta shiga.

Ki sami sabon buroshin haƙori. Ruwa ya taso yanzu, ki ɗaura shi a gora ki kankaro santsin jikin marmarar da aka jera a rijiyar, inda rana take samu. Ki wanke buroshin a ɗan ruwan rijiyar, ki juye a kwalba, ki ƙara sipirit na kemis kamar rabin ruwan. Ki kuma yi haka da duwatsun bakin kududdufin da ke bayan gidanmu, da wani buroshin, a wata kwalbar, don in kwatanta. Ki rubuta suna a jikin kowacce. Kada ki leƙa rijiyar ke kaɗai.

Gwaggonki,
Nana Hadiza

Goron Dutse
26 ga Yuli

Gwaggo, assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ɗantani yana ƙofar gida yana ta danna oda, shi ya sa rubutun ya karkace. Ga kwalabe biyu, da dakuwa daga Umma, da man shanu daga Kaka.

Na kwana ina tunanin kwano da murfi. Ashe in suka rabu ba sa sake haɗuwa har abada? Kowa ya yi sabon murfi ke nan ya manta? Ban so haka ba.

Hotunan sun yi kyau ƙwarai, na manna su a bayan ƙofa. Wane ne Malam Gali? Ba komai, tambaya ce kawai. Na ga dai kin ce hannunsa yana da kyau.

Ikram

Sabuwar Bussa
3 ga Agusta

Ikram,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, ki yi wa Inna da Ummanki godiya. Ina lafiya, sai dai an yi ta ruwa har gadar hanyarmu ta nutse, shi ya sa Ɗantani ya maƙale.

Na dafa abin da ke kwalaben da maganin da ke cinye komai ya bar gilashin, na shimfiɗa, na duba. Ta kududdufi cike take maƙil. Mafi yawansu wata siririya ce mai kama da allura, sunanta Nitzschia palea, sai wata mai kai babba da gindi siriri, Gomphonema parvulum. Dukkansu biyun an san su da jure ruwan da ƙazanta ta yi wa yawa. Ban yi mamaki ba, na san abin da unguwa take zubawa a can.

Ta rijiya kuwa ban ga komai a ciki ba. Ko guda ɗaya. Tunda nake wannan aiki ban taɓa ganin kwalba fes haka ba.

Wannan ya ɗaure mini kai, don ko ruwan da ya fi kowanne tsabta yana da nasa mazauna. Kada kowa ya yanke hukunci a kan wannan. Ki rubuto mini dalla-dalla yadda kika ɗebo.

Malam Gali jikokinsa bakwai, babbar ta girme ki. Ki rage karanta littattafan nan.

Gwaggonki

Goron Dutse
11 ga Agusta

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ruwan ya janye muku. Albishirinki! Gidanmu ya dawo gida.

Ɗantani ya kawo wasiƙarki ana cin abincin dare a tsakar gida, a gaban kowa ya miƙo mini, babu damar ɓoyewa. Baba ya ce, "Me ake ta aike-aike ne tsakaninki da auta?" Na sunkuyar da kai na faɗa masa. Na zaci zai yi faɗa, sai ya ce to karanta mu ji. Na fara karantawa. Da na zo wajen sunayen nan masu karya haƙori Umma ta ce a tsallake. Ina kaiwa "ban ga komai a ciki ba, ko guda ɗaya," sai Kaka ta rangaɗa guɗa! Gwaggo, guɗa sosai, da gwiwar tata ta miƙe. Lami ta shigo babu mayafi ta zaci haihuwa aka yi. Kaka ta ce, "Kun ji ko? 'Yata mai digiri ta ce fes! Usaini, ka ji da kunnenka?" Baba ya shafa gemu ya ce, "To, tunda masu ilmin abin sun faɗa." Hayaniya ta yi yawa, ban samu na ƙarasa karanta sauran ba, kuma kin san ba zan iya ɗaga murya a kan manya ba. Na karanta ni kaɗai daga baya. Na ga kin ce kanki ya ɗaure, amma ai don ba ki taɓa gwada ruwa mai kyau irin namu ba ne.

Washegari Kaka ta dama wa Baba fura da hannunta, ta ce ya rame kamar ba shi da uwa.

Kin ce in faɗi yadda na ɗebo. Na yi duk yadda kika ce, Umma tana riƙe da zanena ta baya. Abin da ya fito jajir ne, mai kauri, kamar kunun kanwa. Zan juye a kwalba Kaka ta gani ta yi salati. Ta ce, "Wannan za ki aika wa 'yata? Ta buɗe a gaban abokan aikinta a ce ruwan gidan ubanta ke nan? Ko baƙon da ba a so ba a miƙa masa ruwa da laka." Ta karɓa ta zuba a kwano, ta jefa ɗan alif, muka bar shi ya kwanta. Da lakar ta koma ƙasa sai ta tsiyaye na saman, ta tace da farin kallabi sau biyu. Kwalbar ma sai da ta turara ta da jema kamar yadda take yi wa randa. Ni ma na ga hakan ya fi mutunci. Tunda kin ce ido ba ya ganinsu, na san suna nan a cikin ruwan, dattin kawai muka fitar. Ta kududdufi kuwa Kaka ta ce ba nata ba ne, ya je da dattinsa.

Na ba su suna irin namu don in riƙe. Mai allurar ita ce Nusaiba, siririya, ta taso a wahala amma ba ta karaya ba. Mai da'irar nan ta hoton Malam Gali kuwa na bar mata sunan da ya rubuta a ƙasanta, Saikulotela, 'yar masu kuɗi ce, ba ta taka ƙasa, kullum tana yawo a saman ruwa. Allah ya ba Malam Gali haƙuri, ya raya jikoki.

'Yarki mai farin ciki,
Ikram

Sabuwar Bussa
19 ga Agusta

Ikram 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ki gaishe da kowa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ta farko na yi dariya har da hawaye, don na ga Inna a idona tana tace ruwan nan, kuma na tuna da na buɗe kwalbar na ji ƙanshin gida na rasa dalili. Ta biyu ban yi dariya ba.

'Yata, lakar nan da kuka zubar ita ce saƙon. Gidajen gilashi suna da nauyi, alif kuma aikinsa ke nan, ya tattara duk abin da ke yawo a ruwa ya kai shi ƙasa. Kun sallami shaidu kun aiko mini da kotu babu kowa. Laifina ne da ban ce miki dattin nake so ba, na manta gidan da na fito.

Ke nan har yanzu ba mu san komai a kan rijiyar ba. Mai yiwuwa lafiyarta lau, mai yiwuwa ba haka ba. Yaya kuma ya janye maganarsa ne a kan abin da ban faɗa ba, yara kuma suna sha.

Zan iya kiransa in na hau tudu na samu sabis, amma na fi so ki faɗa da bakinki, ke kika fara wannan aiki. In kin kasa ki gaya mini, ba zan ga laifinki ba. A sake kankarowa, wannan karon kwalba biyu: ɗaya daga ɓangaren da ke jingine da katangar lungu, ɗaya daga ɓangaren ɗakin Inna. Kafin nan a riƙa tafasa na sha.

Gwaggonki

Goron Dutse
2 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi, Ɗantani ya zo ya koma ban ba shi komai ba. Ba fushi na yi ba, kunya ce da tsoro.

Na daɗe da wasiƙarki a cikin littafin Zainab. Kullum in ce yau zan faɗa, sai in fito in tarar Kaka da Baba suna hira tana ba shi labarin yadda ya faɗa kwatami yana yaro, sai in koma. Har na ce a raina, in na yi shiru wa zai sani? Rijiya ta tsira, kowa yana dariya. A littattafai in yarinya tana da magana mai nauyi sai a yi ruwan sama ta suma, a tsinci takardar a hannunta. Ni an yi ruwan, ban suma ba.

Abin da ya tayar da ni, ranar Talata na ga Lami ta ja guga, ta kafa wa 'yarta ta goye baki a jikinsa tana cewa, "Sha, likitar ruwa ta ce fes ne."

Da daddare na kai wa Baba abinci. Ina zuba masa ruwan wanke hannu na faɗa, idona a kan butar. Ban san yadda maganar ta fito ba, ruwan dai har ya cika kwano ya zube ban daina zubawa ba. Sai ya ce, "Alif?" Na ce e. Ya ce, "Da jema?" Na ce e. Sai ya fashe da dariya har ya ƙware. Da ya nutsu ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Ikiramu. Kawo takardar in gani." Ya karanta da kansa har ƙarshe.

Kaka ce ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke da gwaggonki kun haɗa kai. Ni na san tun ranar da aka sa ta boko za ta dawo ta ce laka ta fi ruwa daraja." Ta daina ce mini ƙawata, yanzu "ke yarinya" ce. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Jiya Baba bai fita kasuwa da wuri ba. Shi ya riƙe gorar, ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya da farar shaddarsa, ni ina nuna masa wuri. Da muka haska da tocila sai muka ga ɓangaren lungu yana da wani dogon tabo mai danshi da ya gangaro daga tsakanin marmara, sama da inda ruwan ya tsaya. Na kankaro daga nan. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta ta juya mana baya, amma da na rufe kwalbar ta ce, ba ta waiwayo ba, "A naɗe ta a leda baƙa dai, kada direba ya gani."

Ga su nan da dattinsu. Ko me kika gani ki faɗa. Amma ina addu'a.

'Yarki,
Ikram

Sabuwar Bussa
12 ga Satumba

Zuwa ga Yaya da Inna, ta hannun Ikram,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ina lafiya. Inna, ya gwiwa? A karanta wannan har ƙarshe kafin kowa ya yi guɗa ko ya yi fushi.

Na ƙirga ɗari huɗu daga kowace kwalba, kamar yadda aikin yake. A ɓangaren ɗakin Inna kusan rabinsu wata 'yar ƙarama ce mai suna Achnanthidium, wadda aka fi samu a ruwan da bai lalace ba, tare da wasu iri-iri masu yawa. Yawan iri alama ce mai kyau. Amma akwai masu allurar nan a cikinsu fiye da yadda nake so. A ɓangaren lungu kuwa, daga tabon da Ikram ta gani, kusan duka masu allurar ne da 'yar'uwarsu, irin na kududdufi sak.

Ga yadda na fahimta. Ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ba shi ne matsalar ba. Wani ruwa ne yake tsattsafowa ta gefe ɗaya, kuma bayan katangar nan kwatar lungu ce take wucewa. Ba zan iya rantsewa ita ta kwantar da Yaya ba, dayatom ba sa faɗin haka. Amma abin da ke kwata yana shiga abin sha.

Shawarata a tono kwatar a gyara ta da siminti, a toshe tsakanin marmarar, a ɗaga bakin rijiyar, a yashe ta. Bayan wata biyu Ikram ta sake kankaro mini, a kuma kai ruwan ɗakin gwaji nan Kano a duba ƙwayoyin cuta. Kafin nan kada wanda ya sha ba a tafasa ba. Hukunci naku ne.

Inna, ruwanki bai ba ni kunya ba. Malam Gali ya ce ya daɗe bai ga Achnanthidium masu kyan na rijiyarki ba.

Ikram, kin yi abin da manya da yawa ba sa iyawa.

Taku,
Nana Hadiza

Goron Dutse
6 ga Oktoba

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, damina ta yi sallama, an fara cin sabon gero. Umma tana gaishe ki.

Baba ne ya karanta wasiƙarki da kansa, a hankali, har sunayen bai tsallake ba ko da yake ya ji jiki. Da ya gama Kaka ta daɗe tana kallon rijiyar. Sai ta ce, "Miƙo mini mayafina." Na ce ina za ki da gwiwar nan? Ta ce, "Zo ki riƙe ni, ƙawata." Gida-gida muka bi a lungun nan. Ko'ina ta tsaya a zaure ta ce, "Ni ce na ce muku fes ne, to na zo in janye. Kada wadda ta ƙara ba yaro sai ta tafasa." Lami ta ce, "Haba Inna, shekara nawa muna sha?" Kaka ta ce, "Malam sadaka ya bari, bai bar ciwon ciki ba."

Da muka dawo Baba yana tsaye a tsakar gida. Ta zauna tana haki ta ce masa, "In cikewar ce ta fi, ka cike. Ba zan ƙara cewa komai ba." Baba ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ai ba a rushe gida don ɗaki ɗaya yana yoyo." Na shige ɗaki da gudu, kada a ga idona. Babu littafin da ya taɓa sa ni kuka irin wannan, kuma babu ko saurayi ɗaya a ciki.

Isiyaku magini ya zo da mutanensa. Da suka tona kwatar sai ga ta a fashe daidai bayan katanga, saiwar darbejiya ta ratsa ta, ƙasar wurin baƙa ƙirin tana wari. Mazan lungu suka ce ba za a bar wa Baba shi kaɗai ba, kowa ya kawo abin da ya samu. An gyara kwatar, an yashe rijiyar, an fito da guga huɗu da suka ɓace tun ban da wayo da cokalin da aka taɓa dukan Baba a kan ɓatansa. Yanzu bakinta ya kai mini ƙugu. Baba ya ce shi zai kai ruwan gwaji in lokaci ya yi, ni kuma buroshina yana rataye, na hana kowa taɓawa.

Jiya aka shafe bakin da siminti. Yana ɗanye Isiyaku ya ce a rubuta wani abu kafin ya bushe, ya ce a sa "Rijiyar 'Yardada" da shekara. Kaka ta ce, "Wa ya ce maka an manta ta wace ce? Ba ta tsinken, ita ce marubuciyar gidan." Gwaggo, a gaban maza shida! Na durƙusa na ce me zan rubuta. Ta ce, "Rubuta yadda mai goyo za ta gani tun daga zaure."

Na rubuta da manyan baƙaƙe: A TAFASA KAFIN A SHA. Layin ya ɗan karkace, kuma ya riga ya bushe.

Sai kin zo kin gani. Allah ya kawo ki lafiya.

'Yarki,
Ikram